Maijegon da aka yi wa aiki

'Ya'yana, musamman ku samarin magidanta da matanku ke da tsohon ciki, ga 'yar magana. Idan likita ya ce sai an yi aiki kafin a ciro jariri, kada in ƙara jin wani ya ce "ai ba ta iya haihuwa da kanta ba". Ana faɗin haka da raha a ɗakin barka, amma maganar takan zauna a ran maijego.

Ku dubi halin da take ciki. An yanka ciki har mahaifa, ta zubar da jini, ko tari za ta yi sai ta dafe ɗinki. Jariri na kuka a gefenta, ba ta iya juyawa ta ɗauke shi sai an miƙo mata. Wani lokacin nono ya yi jinkirin zuwa, dangin miji kuwa ba sa rasa abin cewa. Masu bincike sun lura cewa ciwon damuwa na bayan haihuwa ya ɗan fi kama waɗanda aka yi wa tiyata, musamman wadda aka garzaya da ita cikin gaggawa bayan doguwar naƙuda, don firgicin ranar ba ya sakinta da wuri.

Kukan kwanakin farko mata da yawa na yinsa, kuma yakan wuce cikin mako biyu. Wanda ya zarce haka ciwo ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace 20 cikin 100 kan shiga matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, galibi damuwa. Za ku ga jariri ya yi barci ita idonta biyu, kunu ya huce a kwano ba ta taɓa ba, tana ta cewa ita ba uwar kirki ba ce. Wannan ba rashin godiyar Allah ba ne, kada kuma a yi saurin cewa iska ce. Ku yi mata addu'a, ku kai ta asibiti. Akwai magungunan da mai shayarwa za ta iya sha.

Sai an watse taron suna gida ke yin tsit, to a nan ake buƙatarka, malam. Karɓi yaron da dare ta runtsa. Idan ta ambaci kashe kanta ko cutar da jaririn, ko tana jin muryoyin da babu mai jinsu, kada a bar ta ita kaɗai, kada kuma a jira arba'in. A ranar za a kai ta wurin likita.