Luwaɗi da maɗigo a almarar kimiyya: abin yi da abin bari ga mai sharhi

Matasanmu suna kallon fina-finan sararin samaniya da na matsafa fiye da yadda iyayensu suke zato, wasu ma har littattafan suke saukewa a waya. Da zarar an hango namiji riƙe da hannun namiji a cikin kumbo, sai sharhi ya ɓarke, kuma galibin masu yinsa ba su kalli fim ɗin ba, balle su buɗe littafin. Aƙidarka taka ce, ka riƙe abarka. Sharhi kuwa sana'a ce mai sharuɗɗa, kuma ga su nan.

Ka karanta littafin daga bango zuwa bango kafin ka ce uffan. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Guntun bidiyo na daƙiƙa 30 da aka tura maka a WhatsApp ba hujja ba ce.

Kada ka ce jiya aka fara wannan, ko kuma Netflix ne ya ƙirƙiro shi. A 1953 Theodore Sturgeon, marubuci ɗan Amurka, ya buga gajeren labarinsa The World Well Lost. Wasu baƙi biyu ne daga wata duniya suka sauka a tamu, mutane suka yi ta sha'awar yadda suke ƙaunar juna, sai hukumar duniyarsu ta ce masu laifi ne, a maido su. A hanyar mayar da su ne ɗaya daga cikin matuƙan kumbon ya gano cewa dukansu maza ne, kuma laifin ke nan. Ya buɗe musu hanya suka tsere, domin shi ma yana ɗauke da irin wannan sirri a zuciyarsa. An rubuta wannan a zamanin da dokar tace fina-finai ta Holiwud, wadda aka tsananta tun 1934 kuma ba a yar da ita ba sai 1968, ta hana ko ambaton batun a majigi. Marubutan almara sun samu sarari ne saboda suna iya ɗora maganar a kan baƙin halittu, a wata duniya can nesa. Wanda bai san wannan tarihi ba zai ɗauka sabon yayi yake gani.

Ka rarrabe abubuwa, kada ka zuba su a tukunya ɗaya. Labarin soyayya tsakanin jinsi ɗaya daban. Labarin da ke tambayar me zai faru in babu rabon maza da mata a al'umma, shi ma daban. Mafi shahara a kashi na biyu shi ne The Left Hand of Darkness na Ursula Le Guin, wanda ya fito a 1969 ya kuma lashe manyan kyaututtukan fagen guda biyu, Hugo da Nebula. A duniyar ƙanƙara mai suna Gethen, mutane ba maza ba ne ba kuma mata ba a yawancin kwanakin watansu mai kwana 26. Cikin 'yan kwanaki ne kawai jikin mutum ke karkata zuwa namiji ko mace, kuma wanda ya haifi ɗa a matsayin uwa yana iya zama uban wani daga baya. Har sarkin ƙasar Karhide ya ɗauki ciki a labarin. Jakadan da aka turo daga duniyarmu, baƙar fata mai suna Genly Ai, ya kasa amincewa da waziri Estraven, mutum ɗaya tilo da ya gaskata shi, don kawai ya rasa gurbin da zai ajiye shi: namiji ne ko mace? Sai da suka shafe makonni su biyu suna jan keken kaya a kan ƙanƙara, suna auna abinci da cokali, suna kwana a tanti ɗaya iska na neman tsige shi, sannan jakadan ya ga mutum a gabansa. Babu kwanciyar aure tsakaninsu ko sau ɗaya. Duk wanda ya kira littafin nan na batsa ya tona wa kansa asiri cewa bai karanta ba.

Kada kuma ka mai da marubuciyar waliyyiya. Masu suka sun ce ta nuna Estraven a ayyukan da aka saba gani na maza kaɗai, mulki da makirci da gudun hijira da jan kaya, ba a taɓa ganinsa yana reno ba. Le Guin ta kare kanta a wata maƙala a 1976, daga baya ta koma kan maƙalar ta amsa cewa masu sukar suna da gaskiya a wurare da dama. Idan mai littafi ta karɓi gyara, mai sharhi ba shi da dalilin jin nauyin faɗar aibin littafin.

Ka lura da wanda aka ɗora wa halin neman jinsi a labari, da abin da aka haɗa shi da shi. A Dune na Frank Herbert, 1965, azzalumin labarin, Baron Harkonnen, shi ne mai sha'awar yara maza, kuma fim ɗin David Lynch na 1984 ya ƙara cika masa fuska da maruru don a ƙyamace shi. Abin da mutumin nan yake yi cin zarafin yara ne, laifi ne a kowace shari'a. Amma shekara da shekaru marubuta suna amfani da wannan dabara ta rago: in suna so a tsani mugu, sai su liƙa masa neman maza, su huta da wahalar gina muguntarsa. Ka faɗi haka a sharhinka. Denis Villeneuve ya cire wannan ɓangare a fim ɗinsa na 2021, kuma Baron bai ragu da komai ba wajen ban tsoro.

Ka ƙirga gawarwaki. A 2002, a shirin Buffy the Vampire Slayer, harsashin da ba ita aka nufa ba ya kashe Tara jim kaɗan bayan ta shirya da masoyiyarta. A Maris 2016, a shirin The 100, harsashin da ba ita aka nufa ba ya kashe Lexa jim kaɗan bayan ta kaɗaita da masoyiyarta Clarke. Shekara 14 tsakani, mutuwa iri ɗaya. Masu kallo sun tayar da ƙura har jagoran shirin ya fito ya ba da haƙuri a rubuce. Ko ba ka yarda da rayuwar waɗannan taurari ba, idon mai sharhi ya kamata ya gane marubucin da ya ƙirƙiri mutum don kawai ya yanka shi ya sa 'yan kallo kuka.

Kada ka biye wa tallar kamfani, ko yabo kake yi ko zagi. Littattafan Harry Potter guda 7 sun kammala fitowa a Yulin 2007 ba tare da kalma ɗaya a kan soyayyar Dumbledore da namiji ba. A Oktoban shekarar ne marubuciyar, J. K. Rowling, ta faɗa da baki a wani taro a birnin Niyok. Abin da ba ya cikin shafi ba ya cikin labari, kuma ba a yi wa littafi hukunci da hirar marubuci. Haka sumbar mata biyu a fim ɗin Star Wars na 2019, can a bayan fage, ta ɗan lokaci ƙalilan: an yanke ta a Singafo kuma labarin bai girgiza ba. Da aka kai fim ɗin The Secrets of Dumbledore ƙasar Sin a 2022, daƙiƙa 6 kacal aka cire. Kamfanonin nan suna auna abin ne yadda za su sha yabo a Amurka su kuma ci kasuwa a inda za a tace. Lissafin kuɗi ne, ka kira shi da sunansa.

Kada ka auna rubutu da jikin marubuci. Samuel Delany, baƙar fata haifaffen Harlem wanda bai ɓoye cewa maza yake nema ba, ya ci kyautar Nebula da Babel-17 na 1966, littafin da ke magana kan harshe a matsayin makamin yaƙi. Shi kuwa Robert Silverberg ya rubuta a 1975 cewa salon James Tiptree Jr. na namiji ne babu tantama, ba a jima ba ta bayyana cewa mace ce mai suna Alice Sheldon.

Ka gaya wa iyaye gaskiyar abin da ke ciki. Dhalgren na Delany, 1975, cike yake da kwanciya a fili, ba na yara ba ne, ka faɗa ba kwana-kwana. Amma kada ka ƙara gishiri don ka tsorata mutane, domin ranar da ɗansu ya karanta ya ga ƙarya ka yi, ba zai sake sauraronka ba ko da kana kan gaskiya.

Kada ka kwaso rabe-raben Amurka ka kifa a kan namu. Littafin Freshwater na 2018, na Akwaeke Emezi daga Umuahia, an gina shi a kan ogbanje na al'adar Ibo, ruhin da ke shiga jikin ɗan Adam, kuma wanda ya karanta shi da ma'aunin Turawa kaɗai ya rasa rabin littafin. Haka 'yan daudu a ƙasar Hausa: sun daɗe a cikinmu, a wurin tuwo-tuwo da bukukuwa da fagen bori, da tarihinsu da yadda jama'a ke kallonsu. In za ka sa ɗan daudu a almararka, ka ba shi suna da uwa da bashi da buri kamar kowa. Karairaya da tafa hannu don a yi dariya, fina-finanmu sun yi har sun gundure mu.

Na ƙarshe shi ne mafi nauyi. Kada ka nuna wani da yatsa. Dokar da aka sa wa hannu a Najeriya a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi, da shekara 10 ga masu kafa ko tallafa wa ƙungiyoyin masu neman jinsi, kuma kowa ya san abin da taron jama'a ke iya yi wa wanda aka zarga tun kafin a kai ga kotu. Ɗalibar da aka gani da littafin Le Guin karatu take yi. Marubucin da ya ƙirƙiri tauraro bai zama tauraron ba, kamar yadda wanda ya rubuta ɓarawo bai yi sata ba. Ka soki littafi iya son ranka, ka kawo shafi da hujja, amma don Allah kada sunan wani ɗan unguwarku ko 'yar ajinku ya fito daga alƙalaminka a kan wannan batu.