Finafinan Bana da Idon Yaranmu

Idan kaka ta yi, aka kai masara da waken suya gida, aljihu ya ɗan yi nauyi, hirar matasanmu a Sheme takan koma kan wane fim ne ya ciri tuta a bana. Za ka ji su a teburin mai shayi da bakin tasha, wannan yana cewa Labarina ba shi da na biyu, wancan ya kafe a kan Izzar So, mata a cikin gida kuma suna nasu lissafin da Manyan Mata da Daɗin Kowa. Ban ga laifin wannan gardama ba. Wanda ya wuni a gona, ko ya dawo daga hanyar Ƙanƙara zuciyarsa na dukan uku-uku, ya cancanci ya zauna ya kalli abin da zai ɗebe masa kewa. Abin da nake roƙo, 'ya'yana iyayen yara, shi ne ku ƙara tambaya guda a cikin lissafin: fim ɗin da ya fi burge ka ɗin nan, da wa ka kalle shi? A mafi yawan gidajenmu, duk abin da uba ko uwa suka kunna, akwai ƙananan kawuna uku ko huɗu suna leƙe ta bayan kafaɗa.

Kallo ba baƙonmu ba ne. Iyayenmu sun ga majigi a fili, an haska musu Baban Larai don koyar da noman auduga, sana'ar da ƙasar Daudawa da Funtuwa ta yi suna a kanta. Daga baya talabijin ta kawo Samanja da Ƙasimu Yero da Kasagi. A 1990 'yan ƙungiyar Tumbin Giwa suka fitar da Turmin Danya a Kano, kaset ya shiga gidaje. Mujallar Fim ma, wadda tun 1999 take bin diddigin wannan sana'a, Malam Ibrahim Sheme ne ya kafa ta, mai ɗauke da sunan garin nan. A duk waɗannan zamunna kallo abin taro ne. Ana yin sa a fili ko a tsakar gidan mai talabijin, manya a kan kujera, yara a kan tabarma. Da an zo wurin da bai dace ba, sai wani dattijo ya yi gyaran murya, ko uwa ta aiki yara su ɗebo ruwa. Yau allon kallon bai fi tafin hannu ba, yana shiga ƙarƙashin bargo, ga abin toshe kunne. Wannan gyaran muryar ne muka rasa.

Bari in ɗan taɓa waɗanda ake ta yabo, domin masu su sun yi aiki, kuma yabo bai hana a faɗi wa aka yi wa abin.

Labarina na Malam Aminu Saira aiki ne mai tsabta, hoto da magana duk an tsara su. Amma me ke cikinsa? Soyayya, yaudara, kishi, da yadda dukiya ke juya zukata. Babba ya kalli jarumin fim ɗin, Mainasara, yana ɓoye arzikinsa don ya gane mai son sa tsakani da Allah, sai ya ɗauki darasi. Yarinya 'yar shekara tara ba darasin take gani ba. Motar take gani, da falon, da yadda ake kallon saurayi a yi fari da ido, kuma gobe za ta gwada a gaban madubi. Manyan Mata na Abdul Amart ya taɓo abubuwan da ke ci mana tuwo a ƙwarya, wahalar almajirai da zaluncin da ake yi wa mata da yara. Ina so kowane magidanci ya kalle shi. Sai dai kukan da ke cikinsa ya yi wa ƙaramin yaro nauyi, musamman idan ba wanda zai ce masa ga dalili, ga kuma mafita. Izzar So na Lawan Ahmad, ɗan maƙwabtanmu na Bakori, ya fi kusa da abin da za a zauna a kalla da 'yan shekara goma sha, saboda jaruminsa Umar Hashim mutum ne mai gaskiya da ladabi, ana kuma yawan kawo tunatarwa ta addini. Duk da haka akwai makirci da ƙiyayya a ciki, kuma yaro yakan riƙe zafafan kalaman mugu fiye da nasihar mutumin kirki, don su suka fi daɗin maimaitawa. Daɗin Kowa, da tashar Arewa24 ta daɗe tana nunawa, gari ne irin namu da talakawa irinmu, har da 'yan gudun hijira da 'yan shaye-shaye. Wannan a kalle shi tare, a yi ta magana a kai.

Na barkwanci su ne muka fi sakin jiki da su, alhali suna buƙatar lura. Gidan Badamasi yana sa dariya ƙwarai, amma dariyar a kan me take? 'Ya'ya ne suka zagaye mahaifinsu, kowa na ƙulla dabarar da zai raba shi da kuɗinsa. Babba ya san ana nuna abin ne don a ƙyamace shi. Yaro kuwa ya ga an yi wa uba wayo, ya ga duk ɗakin an kwashe da dariya har da nasa uban, me kake so ya fahimta? Barkonon da ke gyara wa babba miya shi ke sa yaro kuka, kuma ba a ce miyar ba ta yi daɗi ba.

Mai Martaba, wanda aka ɗauka a Daura, Najeriya kuma ta miƙa shi gasar Oscar a 2024, abin alfahari ne ga mai jin Hausa. Rikicin gadon sarauta ne, da kisa da cin amana. A bar wa samari da manya.

Inda hankalina ya fi tashi ba a finafinanmu na gida ba ne. A kan fassarar nan ce ta finafinan Indiya da sauran ƙasashe, wadda yara ke kira Indiya-Hausa. A da, idan an kunna fim ɗin Indiya, yaro yana ganin rawa da faɗa ne kawai, harshen ya tsare masa sauran. Yanzu an ɗauke wannan shingen. Jarumi yana sare kan mutum yana magana da Hausar da ake yi a ƙofar gidanmu, da ba'a da kirari da baƙar magana, mai fassara kuma yana ƙara gishiri don a yi dariya. Akasarin waɗannan finafinai labarinsu ɗaya ne: an zalunci mutum, hukuma ta kasa, shi kuma ya ɗauki makami ya gama da kowa, aka tafa masa.

Ku tsaya ku yi tunanin wa ake ba wannan labari. Yaron Sheme ko Yankara ko Sabuwa ba a fim ya fara jin ƙarar bindiga ba. Da yawansu sun kwana a gona ko a bayan gari saboda an ce ga 'yan bindiga nan tafe. Waɗanda suke firamare a watan Disamba na 2020, lokacin da aka kwashi ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, yau samari ne, kuma sun girma da wannan labari a kunnensu. Irin wannan yaro, fim ɗin harbe-harbe yakan yi masa ɗayan biyu. Ko dai ya tayar masa da tsoron da ke kwance, ka ga yana firgita cikin barci, ko ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, ko ya ƙi fita bayan gida da dare. Ko kuma ya koya masa cewa mai bindiga shi ne namiji. Na tsaya na kalli yara a bayan wani masallaci sun sassaƙa karan dawa, sun ɗaura masa igiya sun rataya a kafaɗa, sun kasu gida biyu. Wasan yaƙi daɗaɗɗe ne, mu ma mun yi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, da aka zo rabon matsayi, ba wanda ya yarda ya zama ɗan gari. Kowa so yake ya zama mai shigowa da mashin, har wani ƙarami yana kuka don an ce shi za a kama. Ban ce fim kaɗai ya jawo haka ba, abin da idonsu ya gani a zahiri ya fi fim muni. Amma ciwon da ke jikin yaro, bai kamata mu riƙa fama masa shi kowane dare da hannunmu ba.

Wani zai ce ai akwai hukuma. Akwai. Hukumar tace finafinai ta ƙasa tana sa wa fim lambar shekaru, 12 ko 15 ko 18, Kano kuma tana da tata hukumar tun 2001. A watan Mayu na 2025 ma hukumar Kano ta dakatar da finafinai masu dogon zango guda 22, har da Labarina da Daɗin Kowa da Manyan Mata, bisa cewa ana sakin su ba tare da an kawo an duba ba. To amma ko an duba, dubawar ta jama'a ce gaba ɗaya, ba a yi ta da sanin ɗanka mai firgita da dare ba. Kuma ta wace hanya fim ke iso mana nan? Ta shagon mai cajin waya. Yaro ya kai memori, a cika masa da duk abin da ke cikin kwamfuta, ya dawo ya tura wa abokansa ta Xender. Babu lambar shekaru, sau da yawa ko sunan fim ɗin babu. A watan Satumba na 2021, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan, har da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, kira ya tsaya, intanet ya tsaya, amma kallo bai tsaya ba, don daga hannu zuwa hannu yake tafiya. Jami'in da ke zaune a Kano ko Abuja ba zai taɓa ganin abin da ke cikin wayar da ke ƙarƙashin matashin ɗakinki ba. Ke ce za ki gani.

Ba na ba ku shawarar ku hana kallo ɗungurungum. Wanda aka hana a gida zai je ya kalla a zauren wasu, inda ba mai tsawata masa, ya kuma koyi ɓoye muku abu. Addininmu ma da ya zo kan tarbiyya, matakai ya bi: a umarci yaro da salla yana ɗan bakwai, a raba musu shimfiɗa suna 'yan goma, Suratun Nur kuma ta koya wa yara neman izini a lokuta uku kafin su shiga wurin manya. Wato akwai abin da halal ne ga babba, amma ba a so idon yaro ya faɗa kansa tukuna. Da wannan ma'aunin za ku auna fim.

Sabon fim, ka fara kallon kashi ɗaya ko biyu kai kaɗai kafin ka kunna a gaban yara. Idan ka ga wurin da za ka ji kunya a ce mahaifiyarka na zaune kusa da kai, to ɗanka ma bai kamata ya gani ba. Wanda ya wuce wannan gwaji, a kalle shi a tsakar gida, a jingina wayar a jikin wani abu, murya a fili kowa na ji, ba abin toshe kunne. A sa masa lokaci, bayan an dawo Islamiyya an ci abinci, kuma a kashe tun kafin barci ya zo, domin abin da yaro ya gani a ƙarshe shi yake kwana da shi. Idan a YouTube ne, kada a bar shi da wayar bayan an gama, don da kashi ya ƙare wani abin daban yake biyowa da kansa, kuma ba kai ka zaɓa ba.

Uwaye mata, ku nake tausaya wa fiye da kowa, don na san aiki ne ke sa a miƙa wa ɗan goye waya ya yi shiru a samu a tuƙa tuwo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa yaron da bai kai shekara biyu ba kada a zaunar da shi gaban allo, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a wuni. A waɗannan shekarun baki yake buɗewa, kuma da mutum ake koyon magana, wanda za a yi wa gwalantu ya amsa. Idan akwai kaka a gidan ko yayye, a miƙa musu shi ya fi.

Abin da na fi ganin amfaninsa, kuma ba ya cin ko sisi, shi ne tambaya bayan kallo. Ka ce wa yaron, “To Abba, ba ni labarin abin da ka gani.” Ka yi shiru ka saurara, kada ka katse shi. A nan za ka ji wa ya burge shi, wa ya ba shi tsoro, me ya ɗauka daidai alhali kuskure ne. Idan ya ce mugun ne gwaninsa, kada ka daka masa tsawa, ka tambaye shi, da a ce ƙanwarsa aka yi wa haka fa? Kakanninmu haka suke yi da tatsuniya, a gama labarin Gizo a tsaya a yi ta musu a kan wa ya yi daidai. Idan kuma ka lura wani fim ya firgita shi, a ajiye irinsa gaba ɗaya na wani lokaci, a jawo shi jiki, a yi masa addu'ar barci, a bar shi ya faɗi abin da yake tsoro ba tare da an ce masa rago ba.

Ku kuma samarinmu masu shagon caji da tura finafinai, sana'a kuke yi ta halal, Allah Ya sa albarka. Kun fi kowa sanin abin da ke cikin kwamfutocinku. Ku ware wuri guda na abin da ya dace da yara, zane mai motsi da karatu da wasannin dariya marasa batsa. Idan ƙaramin yaro ya zo da memori ya ce a sa masa na faɗa, ku tambaye shi wa ya aiko shi. In ya ce yayansa ne, ku ce yayan ya zo da kansa.