Amsoshin Tambayoyinku: Duba Idon Mai Ciwon Sukari Daga Nesa

Wani mai sauraronmu daga Maraɗi ya tambaya: da gaske ne likita na iya duba idon mai ciwon sukari ba tare da sun haɗu ba?

Gaskiya ne, Malam. Sukari idan ya daɗe yana hawa, yakan lalata ƙananan jijiyoyin jini na can bayan ido, su riƙa tsatsar jini. Abin da ke tayar mana da hankali shi ne, da farko babu zafi, gani ma garau, har sai ɓarna ta yi nisa.

A Ingila, tun 2003 aka fara shirin gayyatar masu ciwon don ɗaukar hoton idonsu, daga ɗan shekara 12 zuwa sama. Ma'aikaci zai ɗiga maganin da ke buɗe ƙwayar ido, ka ɗora haɓa a jikin kyamara, haske ya walƙa, shi ke nan. Hoton sai ya bi ta kwamfuta zuwa ga ƙwararru, wanda aka ga alama a idonsa a tura shi asibiti. A Amurka kuwa, a 2018 aka amince da na'urar IDx-DR mai tantance hoton da kanta.

Amma fa hoto ba magani ba ne, Malam. Idan aka kira ka, don Allah kada ka jinkirta.