Ajiyar Kaya Kafin Hunturu

Wata mai sauraronmu daga Sandamu, a masarautar Daura, tana tambaya: yaya za ta adana kayan ɗakinta a shago kafin hunturu ya kama?

To Hajiya, mun gode. Da farko ki shanya komai a rana, domin laimar damina ita ke jawo funfuna. Kada kaya su taɓa ƙasa. A ɗora su bisa bulo, nesa da bango, saboda gara.

Hunturu kuwa ƙura ce da bushewa. A toshe kafofin taga, a lulluɓe katifa da zane. Kayan fata ki shafa musu man kaɗanya kada su tsage. Fetur ko kalanzir, Hajiya, kada su kwana a shagon nan, don gobarar hunturu ba ta jira.