Motar Dakon Magani Wadda Ido Ba Ya Gani

Darasinmu na wannan makon ya fito ne daga ɓangaren kimiyya. Tambayar da za mu amsa ita ce: idan magani ba ya narkewa a ruwa, ta yaya zai yi aiki a jikin mutum?

Ina matsalar take?

Fiye da rabin nauyin jikinmu ruwa ne. Idan muka haɗiye ƙwayar magani, sai ta narke a ruwan ciki da na hanji kafin ta shiga jini, jini kuma ya kai ta wurin da ciwon yake. To amma magunguna da yawa halin mai gare su. Ku zuba cokalin man gyaɗa a kofin ruwa ku gani. Duk yadda kuka juya, zai dawo sama ya yi zamansa. Magani mai irin wannan hali yana iya bi ta hanji ya fita, kaɗan ne kawai ya shiga jini. An kashe kuɗi, an sha ɗaci, ciwo kuma yana nan.

Dabara ta farko: a mai da shi ƙanƙane

Garin sukari ya fi ƙwayar sukari saurin narkewa a shayi, domin ruwa yana taɓa shi ta ko'ina. Mu yi lissafi. Dunƙule mai fuska shida, wanda kowane gefensa santimita 1 ne, faɗin jikinsa murabba'in santimita 6 ne. Idan aka yanka shi zuwa ƙananan dunƙule masu milimita 1, za a samu guda 1,000, faɗin jikinsu gaba ɗaya ya koma murabba'in santimita 60.

Masana kimiyya suna wuce nan nesa. Suna aiki da ma'aunin da ake kira nanomita. Idan aka raba mita 1 gida biliyan 1, kashi ɗaya shi ne nanomita. Kaurin silin gashi ɗaya ya kai wajen nanomita 80,000. Da za a yanka dunƙulen nan namu zuwa ƙwayoyi masu nanomita 100, faɗin jikinsu zai kai murabba'in mita 60, kusan faɗin ɗakin aji guda. Nauyin bai ƙaru ba, amma wurin da ruwa zai taɓa ya ƙaru ƙwarai.

Dabara ta biyu: a sa shi a mota

Duk wanda ya taɓa wanke kwanon miyar manja ya san ruwa kaɗai ba ya fitar da maiƙo, sai da sabulu. Kowace ƙwayar sabulu tana da kai mai son ruwa da wutsiya mai son mai. Sai su kewaye ɗigon man, wutsiya a ciki, kai a waje, ruwa ya kwashe su gaba ɗaya. Haka masana suke yi wa magani. Suna naɗe shi cikin 'yar mitsitsiyar ƙwaya da aka yi da kitse ko furotin, cikinta ya riƙe maganin, bayanta kuma ya saje da jini. Ita ce muka kira motar dako.

Ga misali. Akwai maganin kansa mai suna fakilitaksel, wanda aka fara samu daga ɓawon wata bishiya a Amurka. Ba ya narkewa a ruwa, don haka aka riƙa narka shi a wani sinadari da ake yi da man zurma, ana sayar da shi da sunan Taxol. Sinadarin yana tayar wa wasu marasa lafiya da mummunan borin jini, har sai an fara ba su wasu magunguna na kariya kafin a ɗaura musu ruwan. A shekarar 2005 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da Abraxane. Maganin ɗaya ne, amma an haɗa shi da albumin, wani furotin da yake cikin jinin mutum, aka yi ƙwayoyi masu wajen nanomita 130. Ba a buƙatar sinadarin zurma kuma, kuma ƙarin ruwan da kan ɗauki awa 3 ya koma minti 30.

Ina ruwanmu da wannan?

Ruwanmu ne da tsaki. Maganin zazzaɓin cizon sauro da aka fi ba mu a asibiti, irin su Coartem, yana ɗauke da sinadarin lumefantirin, shi ma ba ya son ruwa. Shi ya sa takardar da take cikin kwalin take cewa a sha shi da abinci mai maiƙo ko da madara. Maiƙon ne yake taimaka masa ya ratsa hanji ya shiga jini. Idan bai shiga da yawa ba, wasu ƙwayoyin cutar suna iya tsira, zazzaɓin ya dawo bayan 'yan makonni.

Saboda haka idan ƙanenmu ko ƙanwarmu na shan wannan magani, mu tuna wa Mama da kofin madara, ko kunun gyaɗa, ko ƙosai. Jariri kuma a ba shi nono. Idan mara lafiya ya kasa cin komai, kada a jinkirta maganin, a ba shi a kan lokaci, ya ci abinci da zarar ya samu dama. A kuma shanye shi duka, sau 6 cikin kwana 3, ko da jiki ya yi sauƙi.

Hattara da abu biyu. Ba kowane magani ake sha da madara ba, wasu kamar tetirasaikilin madara rage musu ƙarfi take yi. Sannan kada wani ya ce zai daka ƙwaya a turmi don ta zama nano. Turmi ba zai kai ta can ba, wasu ƙwayoyin ma lalacewa suke yi idan an fasa su. A tambayi likita ko mai ba da magani.

Tambayar mako

Dunƙule mai gefe santimita 2, nawa ne faɗin jikinsa? Idan aka yanka shi gida 8 daidai wa daida, nawa zai koma? Ku rubuta amsa da sunanku da ajinku, ku miƙa wa kowane ɗan ƙungiyar 'yan jarida kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka ci a wannan allo mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.