BABI NA TARA: SABON MARUBUCI DA NEMAN WALLAFA

9.0 Gabatarwa

A babukan da suka gabata an yi bayani a kan jigo da zubi da tsari da salo a rubutun zube. Wannan babi kuwa zai dubi abin da ke biyo bayan aje alƙalami, wato hanyar da rubutu ke bi kafin ya zama littafi. Dalilin kawo wannan batu cikin darasin masu koyon malanta shi ne, da wuya malamin Hausa ya yi shekara biyu a aji ba tare da wani ɗalibi ya kawo masa labarin da ya rubuta ba, yana tambayar inda zai kai a buga. Sau da yawa ma malamin kansa yana da irin wannan rubutu a ƙasan akwati. Domin sauƙaƙa bayani, za a ɗauki misalin sabon malami da aka tura koyarwa a Kakuri, cikin ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu, wanda ya kammala ƙagaggen labari, kuma ba shi da wani jari sai albashinsa.

9.1 Bugawa Da Wallafawa

Abu na farko da ya kamata wannan malami ya rarrabe shi ne bambancin maɗaba'a da kamfanin wallafa, domin rashin sanin wannan bambanci ya cinye kuɗin marubuta da dama. Maɗaba'a wurin inji ne. Abin da aka kai mata shi za ta fitar, da kurakuransa da komai, a biya ta, ta miƙa kaya. Mai wallafa kuwa shi ne wanda zai karanta rubutu, ya karɓa ko ya ƙi. Idan ya karɓa ya ba edita ya tace, ya biya kuɗin bugu daga aljihunsa, ya rarraba littafin, sannan ya riƙa biyan marubuci wani kaso na cinikin, wanda bisa al'ada bai cika yin nisa da kashi 10 cikin 100 ba.

Mutumin Kakuri ba zai sha wuyar gane wannan ba. Unguwar ta yi suna ne da masaƙu tun daga 1957 da Masaƙar Kaduna, wadda aka fi sani da KTL, ta fara aiki. Duk wanda ya taso cikin gidan ma'aikacin masaƙa ya san cewa fitowar yadi daga injin saƙa ba ita ce gamawarsa ba: akwai wanki, akwai rini da ɗora zane, akwai masu duba aibi, sannan akwai dillalan da za su kai shi kasuwa. Maɗaba'a injin saƙa ce kawai. Sauran sassan, su ne aikin mai wallafa, kuma idan babu shi, to sun koma wuyan marubuci.

9.2 Yadda Magabata Suka Sami Shiga

Tarihin ƙagaggun labaran Hausa ya nuna cewa ƙofar kamfanonin wallafa ba ta taɓa zama a wangale ba. Gasa ce ta riƙa buɗe ta lokaci bayan lokaci. A shekarar 1933 ne Dokta Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya zagaya manyan garuruwan Arewa yana kwaɗaitar da masu ilimin boko su rubuta labarai. Daga wannan gasa aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da kuma Jiki Magayi na John Tafida da shi East. Abin lura ga mai koyon malanta shi ne, Imam da Bello Kagara da Tafawa Ɓalewa duk malaman makaranta ne a lokacin. Har ila yau, Imam bai zama gwani shi kaɗai a ɗaki ba. A 1936 an ɗauko shi daga Makarantar Midil ta Katsina zuwa Zariya na wata shida, inda ya rubuta Magana Jari Ce, East na dubawa yana nuna masa wuraren gyara. Daɗin karatun da ake ji a wannan littafi har yau, akwai hannun edita a ciki.

Bayan Kamfanin Gaskiya (1945) da Hukumar NORLA ta shekarun 1950, an kafa Kamfanin NNPC a Zariya a 1966. Gasar da ya shirya a ƙarshen shekarun 1970 ita ta fito da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta, duka a 1980. Wata gasar ta Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya ta samar da Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa da wasu a 1982.

Daga nan sai al'amura suka dagule. Shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, takarda ta yi tsada, kamfanoni suka koma ga littattafan makaranta waɗanda ke da tabbacin ciniki. Matasa ba su zauna jira ba. Talatu Wada Ahmed da Rabin Raina, da Balaraba Ramat Yakubu da Budurwar Zuciya, da Ado Ahmad Gidan Dabino da In Da So Da Ƙauna, duk da kuɗinsu ko na masoyansu suka buga, suka kai wa 'yan kasuwa. Wannan shi ne abin da Ibrahim Malumfashi ya kira Adabin Kasuwar Kano, sunan da ya jawo doguwar muhawara a jaridu. Ko me aka ce game da littattafan, sun koya wa dubban mata da matasa karatun Hausa, wasunsu kuma sun yi nisan zango: Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba ya fito cikin Ingilishi a ƙasar Indiya a 2012. Sai dai an biya farashi. Da yake babu edita, kurakuran ƙa'idojin rubutu sun yi katutu a yawancinsu, har wasu masu karatu suka ɗauka haka ake rubuta Hausa.

9.3 Aikin Da Ke Gaban Marubuci Kafin Ya Fita Gida

Tunda editan kamfani ya yi ƙaranci, dole marubuci ya nemi madadinsa. Matakin farko shi ne ya aje rubutun na 'yan makonni, sannan ya dawo ya karanta shi da ƙarfi, kamar yana karanta wa aji. Kunne yana kama abin da ido ya tsallake: jimlar da ta yi tsawo har ma'ana ta ɓace, tauraron da aka kira Sani a shafi na 10 ya koma Sanusi a shafi na 60, da babin da za a iya cirewa ba tare da labarin ya girgiza ba. Irin wannan babi a cire shi, ko da shi marubucin ya fi so.

Sai batun harshe, wanda ya fi shafar marubucin Kakuri fiye da na Kano ko Katsina. Masaƙu da kamfanin haɗa motocin Peugeot da aka buɗe a 1975 sun tara ƙabilu daga ko'ina, Hausa ta zama harshen kasuwa da bakin ƙofar ma'aikata. Wannan Hausar tana da zaƙinta, amma a bakin mutane da yawa ta saki bambancin jinsi, a ce wa mace “ya zo”, ta kuma haɗe ƙ da k, da ɗ da d, da ɓ da b. A rubuce, wannan na iya juya ma'ana gaba ɗaya, domin ƙafa ba kafa ba ce, ɓari ba bari ba ne, ɗaki kuma ba daki ba ne. Muryar mai ba da labari ta tsaya kan daidaitacciyar Hausa. Amma idan tsohon direban masaƙa ko mai sayar da abinci a bakin titi ke magana, a bar su su yi irin tasu; mayar da su Kanawa ƙarya ce, kuma mai karatu zai gane. Haka nan a kula da raba kalma da haɗe ta. “Ya na zuwa” kuskure ne, “yana zuwa” ake rubutawa. “Yazo” kuskure ne, “ya zo” ne daidai. Sannan “motarsa” a haɗe take, “motar nan” a rabe.

Bayan haka, a ba mutum biyu su karanta: ɗaya masanin ƙa'idojin rubutu, ɗaya kuma mai yawan karatun labarai wanda ba ya jin nauyin marubucin. Yabon ƙane ko na amarya yana da daɗi, amma ba ya gyara shafi.

Akwai kuma abin da ya kamata a faɗa game da jigo. Sabon marubuci kan ɗauka labari sai a gidan attajiri a Abuja ko Dubai, wuraren da bai taɓa kwana ba. Alhali a ƙofar gidansa akwai KTL da ta rufe a 2002, da sauran masaƙun da suka bi sahu, da magidantan da suka tsufa suna jiran haƙƙinsu na sallama, da iyalan da rikicin 2000 ya sa suka ƙetare kogin Kaduna, wasu suka yi arewa wasu suka yi kudu, suka bar maƙwabtan shekara talatin. Wanda ya ga waɗannan da idonsa yana da abin da babu mai iya ƙwace masa, kuma alƙalan gasa sun fi lura da irin wannan rubutu fiye da labarin soyayya na ɗari da ɗaya.

9.4 Hanyoyin Da Ke Buɗe

Gasa har yanzu ƙofa ce. 'Yartsana na Ibrahim Sheme, wanda ya kafa mujallar Fim a Kaduna a 1999, ya fito a 2003, ya kuma ci gasar tunawa da Injiniya Bashir Ƙaraye a 2007. Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata ta gajerun labaran mata a 2016, inda Aisha Muhammad Sabitu ta zo ta ɗaya da labarinta Sansani. Mai shiga gasa ya bi sharuɗɗa sau da ƙafa, musamman adadin kalmomi, domin da su ake fara tankaɗe. Idan bai ci ba, ya sani cewa alƙalai uku ko biyar ne suka yanke hukunci, ba duniya ba. Taruka ma suna da amfani: an fara bikin littattafai na KABAFEST a Kaduna a 2017, da na HIBAF mai kula da adabin Hausa a 2021, ga kuma zaman karatu na Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, ANA. A irin waɗannan wurare ake haɗuwa da editoci.

Wanda ya sami kamfanin da zai wallafa masa, kada murna ta hana shi karanta yarjejeniya. Ya duba kason da za a ba shi da lokacin biya, da tsawon shekarun da kamfanin zai riƙe littafin, da wanda ke da ikon fassara shi ko mayar da shi fim. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta ba marubuci mallakar aikinsa tun daga ranar da ya rubuta shi, har shekara 70 bayan rasuwarsa, amma sa hannu guda na iya miƙa wannan duka ga wani. Kamfanin da ya nemi marubuci ya biya dukkan kuɗin bugu kuwa, maɗaba'a ne da ya canza suna.

Idan buga wa kai aka zaɓa, to lissafi ya riga zumuɗi. A bugun inji na faranti, kuɗin farantan ɗaya ne ko kwafi 200 za a gurza ko 2,000, shi ya sa farashin kowane kwafi ke sauka idan adadi ya ƙaru. Nan tarkon yake: mai maɗaba'a zai nuna arahar da ke cikin bugu mai yawa, malami ya ci bashin ƙungiyar adashi ya buga 2,000, ya sayar da 150 ranar ƙaddamarwa, sauran su zauna ƙarƙashin gado gara da damina suna rabo. Dillalai kuma galibi ba sa biya sai sun sayar. Gara a fara da kaɗan ta injin kwamfuta, ko da kwafin ya fi tsada, a ga yadda kasuwa za ta karɓa. A daidaita yawan shafuka da ninkin 16, domin haka ake naɗe takarda. A nemi lambar ISBN daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa, wanda ke da reshe a Kaduna, a kuma kai masa kwafi 3 kamar yadda doka ta tanada. Kafin a gurza, marubuci ya karɓi gwajin bugu ya karanta shafi-shafi, domin kwamfutar maɗaba'a kan mayar da haruffa masu lanƙwasa su zama akwatuna ko alamar tambaya.

Intanet ta sauƙaƙa kai rubutu ga jama'a, kuma marubuta da yawa, musamman mata, sun tara masu karatu ta Wattpad da WhatsApp ba tare da sun taka maɗaba'a ba. Amma labarin da aka saki gaba ɗaya a waya yana yawo kyauta, wani lokaci ma da sunan wani. Dandamali kuma kan mutu: OkadaBooks, wanda marubutan Hausa da dama suka sayar da littattafai a kansa, ya rufe a 2023. Don haka a aje kwafin asali a wuri fiye da ɗaya, ciki har da takarda.

9.5 Aikin Yi

Kowane ɗalibi ya samo littafin Hausa guda da marubucinsa ya buga da kansa, ya kwafi shafi ɗaya, ya tace shi bisa ƙa'idojin rubutu, ya kuma nuna dalilin kowane gyara. Sannan ya ziyarci wata maɗaba'a mafi kusa, ya tambayo kuɗin buga littafi mai shafi 96 idan kwafi 100 ne, da kuma idan 1,000 ne. Ya lissafa farashin da za a sayar da kowane kwafi bayan an cire kason dillali, ya rubuta shawarar da zai ba malamin Kakuri a shafi ɗaya, ya kawo aji a mako mai zuwa.