DARASIN WANNAN WATA: MACE MAI SHIRU-SHIRU DA SANA'AR ƘASHIN KANTA

Darasinmu na wannan wata na mata ne. Amma maza ma su karanta, su kuma karanta wa matansu da 'ya'yansu.

A kowane gari akwai mace mai shiru-shiru. Ba ta son hayaniya. Idan ta je biki, takan sami gefe ta zauna, ta gaisa da mutum biyu ko uku, ta koma gida. Wasu su ce miskila ce. Wasu su ce girman kai gare ta. Sau da yawa akan ce mata, "Ke kam ba za ki iya sana'a ba, sana'a sai mai baki." Wannan magana ta sa mata da yawa masu iya aiki sun naɗe hannu sun zauna, suna jiran a ba su. Yau za mu ga yadda irin wannan mace za ta ci abinci da sana'arta, ba tare da ta sake halinta ba.

SHIRU-SHIRU HALITTA CE

A shekarar 1921 wani likita ɗan ƙasar Suwizalan, mai suna Kal Yung, ya rubuta littafi a kan halayen mutane. Ya ce akwai wanda hankalinsa ya fi karkata ga jama'a, akwai kuma wanda ya fi samun natsuwa idan ya kaɗaita. Na farko taro yana ƙara masa kuzari. Na biyu taro yana gajiyar da shi. Duka biyun lafiyarsu ƙalau. Hausawa ma sun san haka tuntuni, shi ya sa suka ce shiru-shiru ba tsoro ba ne.

Mai shiru-shiru tana da abubuwa uku da sana'a take so. Tana saurare, saboda haka ba ta cika kuskuren awo ko launi ba. Tana iya daɗewa a kan aiki ita kaɗai. Kuma ba ta kwashe zancen wannan gida ta kai wancan.

MECE CE SANA'AR ƘASHIN KAI?

Ita ce aikin da babu ubangida, babu albashin wata. Mutum ya kawo miki aiki, ki yi, ya biya ki, ku rabu lafiya. Ɗinki, saƙa, ɗinkin hula, kitso, lalle, girkin biki, haɗa turaren wuta, man gyaɗa da daddawa duk suna ciki. Ga wadda ta yi nisa a karatu akwai buga takardu a kwamfuta, da fassara, da rubuta littafi.

Wannan hanya tsohuwa ce a ƙasar Hausa. Wata Baturiyar Ingila, Poli Hil, ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina. A shekarar 1969 ta buga bayani a kan abin da ta kira cinikin ɓoye. Ta nuna cewa mata suna saye da sayar da hatsi da abinci daga cikin gidajensu, ba tare da sun taka kasuwa ba. A birnin Zariya kuma, tun shekarun 1970 mata suka shiga ɗinkin babbar riga da hannu, aikin da a da maza ne suke yi. A Kano, Hajiya Balaraba Ramat Yakubu an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙarama. Daga baya ta kama alƙalami. Littafinta Budurwar Zuciya ya fito a 1987, Alhaki Kuykuyo Ne kuma a 1990. A 2012 aka buga fassarar na biyun da Turanci a ƙasar Indiya. Rubutu aiki ne da ake yi a ɗaki, amma ya ƙetare teku.

ABIN KOYI DAGA NASARAWA G.R.A.

Masu sayen aikin hannu da tsada yawanci a birni suke. Bari mu duba unguwa ɗaya a Kano, wato Nasarawa G.R.A. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, a wajen ganuwa suka zauna, a yankin Nasarawa da Bompai. Daga nan unguwar ta samo asali. A nan Gidan Gwamnati yake. A nan ne titin Audu Bako da titin Ahmadu Bello da titin Sultan suke. Manyan ma'aikata da attajirai ne suka fi yawa a cikinta.

Gidajen wannan unguwa suna da dogayen katangu, da ƙofar ƙarfe, da maigadi. Muryar mai talla ba ta cika wuce bakin ƙofa ba. Duk da haka matan gidajen suna neman man shanu mai kyau, da daddawa mai tsabta, da zuma, da faifai, da mai kitso, da mai lalle, da tela. To, ta yaya suke samu? Ta hanyar shaida. Hajiya ta ga ɗinki a jikin ƙawarta, ta ce, "Wa ya yi miki wannan?" Shi ke nan, aiki ya samu. Kuma abin da suka fi tambaya shi ne, "Tana da amana? Tana cika alkawari? Tana da tsabta?"

Kun ga ke nan, a irin wannan wuri mai surutu ba ta fi mai shiru komai ba. Wadda ta riƙe sirrin gidan mutane ita ake sake kira.

ABUBUWA HUƊU DA ZA SU YI MAGANA A MADADINKI

Na ɗaya, kyawun aiki. Zaɓi sana'a ɗaya ki ƙware a kanta. Hausawa sun ce sayen nagari mai da kuɗi gida. Wanda ya sayi nagari a wurinki zai dawo, kuma zai kawo wani.

Na biyu, samfur. Ajiye aikinki mafi kyau guda biyu ko uku don nunawa. Idan akwai babbar waya a gida, a ɗauki hotonsu da rana, a kan tabarma mai tsabta. Idan kayan ci ne, zuba kaɗan a mazubi mai murfi a kai ɗanɗano.

Na uku, rubutu. Abin da ya yi miki nauyi a baki ba zai yi nauyi a takarda ba. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, saƙo yana isa birni nan take. Wadda hannunta bai faɗa ba tukuna tana iya aika saƙon murya ta WhatsApp. Ki shirya abin da za ki faɗa, sannan ki aika.

Na huɗu, dillaliya ko wakili. Nemi babbar mace mai gaskiya wadda take shiga gidaje, ko ɗan'uwa mai zuwa birni. Ku yanka ladanta tun farko. Ki rubuta duk abin da ta ɗauka da ranar da ta ɗauka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

WURARE UKU DA SHIRU YAKE JAWO ASARA

A nan sai a natsu, domin a nan mata masu kawaici suke faɗuwa.

Wuri na farko, faɗin farashi. Kada ki ce, "Ba da abin da ya sawwaƙa." Yi lissafi kafin mai aiki ya zo. Ga misali, don koyo kawai, tun da farashi yana canjawa. A ce za ki ɗinka riga da zani:

Zare, zif da maɓalli: Naira 1,200
Gawayin guga da man keke: Naira 300
Kuɗin motar kai kaya: Naira 1,000
Ladan dillaliya: Naira 500
Ladan hannunki na kwana 2: Naira 4,000
Jimla: Naira 7,000

Idan kunya ta sa kika karɓi Naira 4,000, cire Naira 3,000 da kika kashe. Saura Naira 1,000. Wato kin yi aikin yini guda a kan Naira 500. Ashe kunya ta cinye guminki.

Wuri na biyu, sa rana. Idan aiki ya yi miki yawa, musamman gab da Salla, ki ce, "Hajiya, a yi haƙuri, ba zai samu ba sai bayan Salla." Wannan magana ɗaya ta fi ki karɓa ki saɓa alkawari. Wadda aka ba haƙuri takan dawo. Wadda aka ɓata wa ranar biki ba ta dawowa, kuma sai ta gaya wa ƙawayenta.

Wuri na uku, karɓar kuɗi. Karɓi rabi kafin alƙalami, ciko kuma ranar ba da kaya. Ga irin saƙon da za ki rubuta:

"Salamu alaikum Hajiya. Da fatan an tashi lafiya. Ɗinkin riga da zani Naira 7,000 ne. Za a ba da rabi kafin alƙalami. Kaya za su samu ran Alhamis in Allah ya yarda. Na gode."

Idan ciko ya daɗe, rubuta haka:

"Hajiya, barka da yamma. Ina tuni a kan cikon kuɗin ɗinki, Naira 3,500. Allah ya ƙara arziki."

Babu rashin ladabi a cikin wannan. Haƙƙinki kika nema. Wadda ta saba cin bashi ba ta biya kuwa, ki tuna cewa kunyar mara kunya asara ce.

Idan ta banki aka turo kuɗi, kada ki saki kaya don an nuna miki saƙo a waya. Akwai saƙon jabu. Duba asusunki, ko ki sa amintacce ya duba miki, ki tabbata kuɗi sun shiga.

KADA 'YARKI TA ZAMA BAKINKI

Uwa mai shiru-shiru takan ɗora wa 'yarta talla, don yarinya ta yi maganar da ita ba ta son yi. Ribar yau kaɗan ce, asarar gobe babba ce. Yarinya tana rasa makaranta, tana kuma haɗuwa da miyagun mutane a tasha da bakin titi. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta wajabta wa iyaye sa kowane yaro a makarantar firamare da ƙaramar sakandare. Aikin da ake kawo miki har gida ba ya bukatar talla. Bar yarinya ta yi karatu. Da yamma ta taya ki rubuta lissafi.

KULA DA KANKI

Ware lokacin karɓar masu kawo aiki, misali daga la'asar zuwa magariba. Sauran yini na aiki ne da hidimar gida. Idan an kira ki aiki a gidan da ba ki sani ba, ki tafi da 'yar'uwa, kuma da sanin mutanen gidanku. Shiga adashi ko ƙungiyar mata ko da ƙarama ce. Ba dole ki yi jawabi a taro ba. Zubi a kan lokaci ya isa ya sa a san ki da mutunci.

Masu saye biyar da suke dawowa kullum sun fi hamsin masu wucewa. Fara da ɗaya, ki riƙe shi da gaskiya. Da rarrafe yaro kan tashi.

TAMBAYOYI

1. Faɗi abubuwa uku da mai shiru-shiru take da su waɗanda sana'a take so.
2. Ta yaya aiki yake shiga gidajen Nasarawa G.R.A.?
3. Mene ne kafin alƙalami?
4. Idan kin kashe Naira 2,500, aka biya ki Naira 6,000, nawa ne ladan hannunki?
5. Me ya sa bai kamata a ɗora wa yarinya talla ba?

AIKIN GIDA

Sami littafin rubutu. Ja layi huɗu: suna, irin aiki, abin da aka biya, abin da ya rage. Rubuta aikin da kika yi a wannan mako. Sannan ki rubuta saƙon tuni guda ɗaya, ki kai wa malamar ajinku ta duba.

Allah ya sa albarka a sana'a. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.